Tsakanin Biyu da Bakwai

A Mai Wurno, gindin gangaren bahar,
akwai turken ƙarfe da na shafa wa fenti da hannuna,
shekara talatin ina karanta shi da asuba
kafin in wanke ido, kafin jabana ta tafasa.
Ruwa in bai kai biyu ba,
injin ban-ruwa sai ya yi ta tsotsar laka yana tari kamar tsoho.
In ya taɓa bakwai kuwa, to, a kwashe albasa,
a kwance awaki, a hau tudu.
Tsakani nan muke ci.

Jiya Batula, jikata, ta dawo da littafi a hammata,
fuska a ɗaure kamar an hana ta kisra.
Wai Ustaza Ihlas ta ba su tambaya mara amsa:
biyu sau wani abu, a ɗora masa uku,
bai kai sha ɗaya ba. Mene ne abin?

Na ce, zauna. Kawo tsinken nan.
Ta ja layi a ƙasa, daga bakin murhu har ƙafar gado,
ta kafa sifili inda kaza ta yi tono.
Ɗebe uku nan, ɗebe uku can, in ji ta,
don kada wani ɓangare ya yi kukan rashin adalci.
Saura takwas. Raba biyu. Huɗu.
To ga amsa, na ce.
A'a, Kaka, huɗun ba ya ciki.
Ta zana masa zobe, ta bar cikinsa fayau,
ta ja kibiya hagu, ta bi ta kan uku, ta kan sifili,
ta wuce tabarmata, ta nufi ƙofar gida.
Duk waɗannan amsa ne, ta ce, shi ya ba ni haushi.
Ni ɗaya nake so.

Na yi dariya har haƙorina guda ya fito.
Yarinya, wa ya taɓa ba manomi amsa ɗaya?
Bahar bai taɓa ce mini biyar cif ba.
Cewa yake: fiye da kaza, kasa da kaza,
je ka yi shuka.

Sai ta kawo wadda ta fi wuya,
mai rabawa da lambar da ke bayan sifili,
inda alama kan juya baki kamar jirgin Hamma Jibo
in iska ta sauya masa ra'ayi.
Don me take juyawa?
Na yi shiru. Na tuna shekarar da ruwa ya janye
har gindin turke ya fito tsirara,
na auna ƙasa da sifili da igiyar guga.
A can, lamba tana girma, ruwa yana ƙanƙancewa.
Na ce, mai bashin fam goma da mai bashin fam biyu,
wa ya fi wani barci?
Ta dube ni. Ta goge alamar da tafin hannu,
ta juya mata baki da kanta.

Da dare, bayan ta yi barci da alli a yatsu,
na fito, wata ya haska layin nan nata.
Kakannina sun taso daga yamma da ƙafa, da jakuna,
niyyarsu Makka.
Sun wuce gida, ba su kai Ɗaki ba.
Zobe biyu, kowanne cikinsa fayau,
mu kuma ga mu a tsakani,
muna haihuwa, muna binnewa, muna dashen albasa.

Ban share layin ba.
Da asuba kaji suka tattake rabinsa.
Na gangara bahar. Huɗu da ɗan yatsa.
Na ta da inji.